Yadda ake shirya wa iyali ziyarar Baltimore ta ƙasar Ayilan a jirgin ruwa mai tafiya da iska

Baltimore da ake magana a nan ba ta Amurka ba ce. Ƙauyen masunta ne a ƙuryar kudu maso yammacin Ayilan, cikin gundumar Cork, kuma mazaunansa na dindindin ba su kai 500 ba, sai lokacin zafi ne yake cika da baƙi. Ana zuwansa da mota, tafiyar kusan kilomita 100 daga birnin Cork. Amma garin teku yake kallo, duk abin da ya taɓa samunsa na arziki ko na masifa ta ruwa ya shigo, don haka wanda ya iso ta ruwa shi ne yake ganin fuskarsa. Tafiya ce da maigida da uwargida da yara za su iya yi lafiya ko da ba su taɓa taka jirgin ruwa ba, muddin sun amince tun daga gida cewa iska da ruwa ne za su tsara musu ranaku.

Da farko, takardu da lokaci

Ayilan tana cikin Tarayyar Turai, amma ba ta cikin yankin Schengen. Bizar Faransa ko Jamus ba za ta shigar da ku ba. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Ayilan ta gajeren zama, wadda ba ta wuce kwana 90, haka ma mai fasfon Najeriya da yake zaune a Ingila. Ana cike takardar a intanet, kowane yaro da tasa, kuma Ayilan tana da ofishin jakadanci a Abuja. Ku nema da wuri, wata uku kafin tafiya. Idan uba ko uwa shi kaɗai zai yi tafiya da yaran, a tanadi takardar amincewar wanda ya zauna gida.

Lokacin da ya dace shi ne daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba. Yuni ya fi tsawon yini, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare. Yuli da Agusta ruwa ya fi ɗumi, amma cunkoso ya fi yawa kuma masauki ya fi tsada. A ƙarshen Mayu garin yana bikin jiragen katako, mai son ganin tsofaffin jirage a kan ruwa sai ya auna wannan makon.

Sannan a zaɓi jirgi da matuƙi

Hayar jirgi iri biyu ce: ko a ba ku jirgi ku tuƙa da kanku, ko a ba ku shi da kyaftin. Ta farkon sai mai takardar shaidar ƙwarewa, kuma ko da ɗayanku yana da ita, ni dai ba zan ba shi shawarar fara wannan gaɓar da iyalinsa shi kaɗai ba. Gaɓa ce mai duwatsu a ɓoye, tana fuskantar Tekun Atilantika kai tsaye, ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne. Ku ɗauki kyaftin ɗan yankin.

Kafin ku biya kuɗin kafin alƙalami, ku yi magana da kyaftin ɗin da bakinku, kada ku tsaya ga saƙon ofis. Ku faɗa masa shekarun kowane yaro da nauyinsa, domin rigar kariya daga nutsewa da nauyi ake auna ta. Ku faɗa masa wane ne bai iya iyo ba, babu abin kunya a ciki. Ku tambaye shi ko ya saba tafiya da yara, ko akwai raga a kewayen jirgin, ko farashin ya haɗa da mai da kuɗin tsayawa a tasha da abincinsa, da kuma abin da zai faru da kuɗinku idan iska ta hana fita. Ku sanar da shi tun yanzu cewa ba ku cin naman alade, ba ku shan giya, kuma za ku riƙa yin salla. Kyaftin na kirki zai ji daɗin sanin haka da wuri, saboda kwana da kwanaki za ku yi a wuri ɗaya matsattse.

Sai shawarar da ta fi kowace nauyi: daga ina za a tashi? Idan yaran ba su kai shekara takwas ba, ku kama masauki a cikin Baltimore, ku riƙa fita da jirgi da safe kuna dawowa da yamma. Za ku sami shigowa garin ta teku kullum, yara kuma su kwana a gado mai faɗi. Idan yaran sun tasa, ku ɗauki jirgi mai tsawon mita 11 ko 12 na mako guda daga Kinsale, garin bakin teku da ke kudu da birnin Cork, ku biyo gaɓa zuwa yamma. Irin wannan jirgin yana da ɗakunan kwana biyu ko uku, da ɗan madafi mai gas, da bayi.

Kayan da za a ɗauka

Akwati mai tauri ba shi da wurin zama a jirgi, ku zuba kaya a jakunkuna masu laushi da za a iya naɗewa. Zafin Ayilan sanyi ne a wurinmu: da rana ma'aunin zafi yakan tsaya tsakanin digiri 15 da 20, a kan ruwa kuma iska tana ƙara masa kaifi. A sa tufafi hawa-hawa, na ciki mai ɗumi, sai suwaita, sai rigar ruwan sama da wandonta a waje. Hular sanyi, safa masu kauri, takalmi mai ƙasan roba wanda ba ya santsi. Silifas a bar shi sai an sauka tudu.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Jirgin iska cike yake da igiyoyi da na'urorin naɗe su, kuma duk tufar da ke lilo za su iya kamawa. Babbar riga da doguwar abaya da mayafi mai baza a ajiye su don yawon gari. Uwargida da 'yan mata su sa ƙaramin hijabi mai kama kai, su cusa bakinsa cikin rigar sanyi, da wando a ƙarƙashin riga mai kaiwa gwiwa. Sutura ta cika, kuma babu abin da zai maƙale.

Kada ku ɗauko kilishi ko dambun nama ko man shanu daga gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama da kayan madara daga waje, a filin jirgi za a karɓe su. Yaji da busasshiyar citta da garin kunu sun isa su sa abincin jirgi ya yi ɗanɗanon gida. Naman halal a birnin Cork za ku saya kafin ku gangara, ƙauyukan gaɓa ba su da irin waɗannan shaguna. A gidajen abinci ku yi hattara da karin kumallon gargajiyarsu, yawancinsa alade ne, har da wani baƙin tsiran da ake yi da jini, wanda garin Clonakilty na wannan yanki ya yi suna da shi. Kifi kuwa ga shi nan sabo kullum, sai dai idan soyayye ne a cikin kwaɓin fulawa, ku tambaya ko an zuba giya a kwaɓin, don wasu suna yi.

Ranar karɓar jirgi

Kada a yi gaggawar kwance igiya. Kyaftin zai zagaya da ku, kuma kowa ya saurara har da yara. Dokar Ayilan ta wajabta wa duk wanda bai kai shekara 16 ba sa rigar kariya muddin yana saman jirgi, a jirgin da bai kai mita bakwai ba kuwa kowa da kowa ne. Manya ma su sa a kowane hali, yaro ba ya jayayya da abin da ya ga Baba da Umma sun yi. A gwada ta kowane yaro a tsaye: a ɗaure ta, a ratsa maɗaurin da ke bi ta tsakanin cinyoyi, sannan a kama kafaɗun rigar a ɗaga sama. Idan ta haura ta rufe masa kunnuwa, ta yi yawa, a canja. Wannan maɗauri na ƙasa shi ne mutane suka fi mantawa, alhali in babu shi rigar sai ta sulluɓe ta kai a cikin ruwa. Ruwan nan ko a Agusta ba ya wuce digiri 15 ko 16 a ma'auni, sanyinsa yana ɗauke numfashin wanda ya faɗa ciki a minti na farko, ko gwanin iyo ne.

A nuna wa yara abubuwa uku da hannu. Doguwar sandar da ke kwance a ƙarƙashin babban ƙyallen da iska ke turawa, wadda take sharo daga gefe zuwa gefe idan jirgi zai juya, kai ƙasa duk lokacin da kyaftin ya yi kira. Na'urar naɗe igiya, ba a sa yatsa kusa da ita. Sai tafiya a kan jirgi: kullum hannu ɗaya yana riƙe da wani abu. Manya su koyi kunna rediyon oba-oba, su san tasha ta 16 ita ce ta neman agaji, a waya kuma 112 ko 999 a ce ana neman masu gadin gaɓa. Bayin jirgi da famfon hannu yake aiki, ba a jefa komai a ciki. Ku zo da 'yar buta, amma ku tuna ruwan tanki ƙididdigagge ne.

Karanta iska da ruwa kowace safiya

Wannan shi ne matakin da ake maimaitawa kullum, kuma ya kamata maigida da uwargida su zauna da kyaftin su fahimta, kada su bar masa shi kaɗai. Hukumar yanayi ta ƙasar, Met Éireann, tana fitar da hasashen teku sau da dama a rana, masu gadin gaɓa kuma suna karanta shi a rediyo. Ana raba gaɓar da sunayen tsinin ƙasa, ku saurari sashen da ya haɗa Roches Point da Mizen Head, a tsakaninsu kuke. Ƙarfin iska ana faɗinsa da ma'aunin Beaufort, daga 0 zuwa 12. Uku da huɗu su ne na iyali, jirgi yana tafiya sumul. Biyar an fara jiƙewa. Daga shida ake fitar da gargaɗi ga ƙananan jirage, ranar nan sai a zauna a tasha a yi yawon tudu, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. A duba tsayin raƙuman ruwa ma, domin iska tana iya kwantawa alhali teku yana ta ɗagowa daga guguwar da aka yi can nesa a Atilantika, kuma wannan lilon ne ya fi kawo amai.

Ruwa yana cikowa sau biyu a yini da dare, yana janyewa sau biyu, kusan awa shida tsakani. A Baltimore bambancin yakan kai mita uku. Mai lissafin kwanan wata na Musulunci yana da sauƙi a nan: kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata, da kuma bayan daren sha huɗu, cikowa da janyewa sun fi ƙarfi, ruwa ya fi gudu a mashigai. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu sun fi laushi. Idan kuna da zaɓin mako, ku zaɓi mai laushin.

Iskar wannan yanki ta fi busowa daga kudu maso yamma, wato daga inda kuka nufa. Jirgin iska ba ya tafiya kai tsaye cikin iska, sai ya riƙa karkata dama da hagu, tafiya ta ƙara tsawo. Shi ya sa ake tashi da sassafe kafin ta yi ƙarfi, a yi yamma a farkon mako, a bar dawowa da iska a baya.

Hanya daga Kinsale

Tsakanin Kinsale da Baltimore mil na teku 40 da ɗoriya ne, kusan kilomita 80. Jirgi irin naku yana cin kilomita tara zuwa 11 a awa, ke nan awa takwas ko tara a jere. Kada ku yi wa yara haka. A raba ta biyu ko uku.

Da fitowa za ku zagaya Old Head of Kinsale, tsinin da a gabansa jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da jirgin fasinja Lusitania ranar 7 ga Mayu 1915, mutum kusan 1,200 suka mutu. A bakin kowane tsini ruwa yana hargitsewa idan iska da gudun ruwa suka yi karo, kyaftin zai ba shi tazara. Bayan Seven Heads da Galley Head sai Glandore, wurin kwana mai natsuwa. A bakinta akwai tsibirai biyu da ake kira Adamu da Hauwa'u, kuma matuƙan wurin suna da wata tsohuwar ƙa'ida: a nisanci Adamu, a raɓi Hauwa'u. Yara ba sa mance wannan. Daga Glandore zuwa Baltimore awa uku ce ko makamancin haka, ana wuce Castletownshend da Toe Head da duwatsun Stags, inda katafaren jirgin dakon tama Kowloon Bridge ya nutse a 1986.

Maganin jiri a sha shi kafin a tashi, bisa shawarar likita ko mai kemis game da yara. A ci abu mara maiƙo, a zauna a sama cikin iska, ido a kan inda sama ta haɗu da ruwa. Waya da littafi da shiga ɗakin ƙasa su ne suke tayar da zuciya. Yaron da ya fara hamma yana yin shiru, alama ce, a ba shi sitiyari ya riƙe tare da kyaftin, sau da yawa sai ya warware. Shayin citta a filas yana taimakawa. Wanda amai ya zo masa a miƙa masa bokiti, kada ya leƙa gefen jirgi.

Shiga Baltimore

Ku tara kowa a sama don wannan. Daga teku ba a ganin garin sam, sai bangon duwatsu, har mutum ya ɗauka babu ƙofa. Abin da za ku fara hangowa shi ne wani farin ginin dutse mai tsini a kan tsauni, tsawonsa kusan mita 15, wanda aka gina a ƙarshen shekarun 1840 don nuna wa jirage hanya. Mutanen wurin suna kiransa Matar Lutu. Shi zai kasance a damanku, a hagu kuma ƙaramar hasumiyar fitila ta Barrack Point a kan tsibirin Sherkin. Tsakaninsu ne mashigin, siriri ne. Ƙa'idar alamomin ruwa a Turai ita ce mai shigowa ya bar kore a dama, ja a hagu, sai ku ba yara aikin hango su: koren da ke gadin dutsen Loo a bakin shiga, sannan a ciki alamomin Lousy Rocks da Wallis Rock. Da kun wuce tsaunin sai lilon ya yanke, ruwa ya buɗe ya kwanta, ga gidaje a jere a kan tudu da ganuwar gidan sarauta a bisansu.

Lokacin zafi wurin ɗaure jirage a gaban garin yana cika, kyaftin zai kira tun da rana. In babu wuri sai a jefa anka. Idan iskar yamma ta yi ƙarfi, gaban garin yana rawa, gara a koma ƙarƙashin Sherkin a kwana. Daga anka da ƙaramin kwalekwalen roba ake fita, kuma nan ne aka fi samun faɗawa ruwa. Babba ɗaya ya fara sauka ya zauna, a miƙa masa yara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taka tsakiya ya zauna nan take, kaya su biyo baya. A tafi da tocila don dawowar dare.

Game da salla, ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, bokiti mai igiya ya wadatar. Alƙibla daga nan gabas ce da ɗan karkata kudu, wajen digiri 110 a kamfas ɗin jirgi. Jirgin da ke kan anka yana juyawa da iska, don haka a duba kamfas daf da kabbara, in da hali kuma a jira a sauka tudu. A Yuni Isha'i tana yin dare ƙwarai, Asuba kuma tana zuwa da wuri. Ku tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kafin ku baro gida.

Yinin farko a tudu

Ku fara da gidan sarautar Dún na Séad, 'yan takun ƙafa daga bakin tasha. An fara gini a wurin a 1215, daga baya ya zama mazaunin zuriyar O'Driscoll, waɗanda suka yi ƙarnoni suna karɓar haraji daga masuntan Sifen da Faransa da ke kamun kifi a ruwansu, suna kuma taɓa fashin teku. Gabarsu da birnin Waterford ta kai ga mutanen Waterford suka zo a 1537 suka ƙone garin, bayan an kama wani jirgin kaya da ya nufi birninsu. Ginin ya daɗe kango kafin a fara gyara shi a 1997, yanzu ana buɗe shi ga baƙi lokacin zafi, kuma daga samansa ana ganin duk hanyar da kuka shigo.

Daga nan ku bi titin da ke zuwa farin ginin nan, kusan kilomita biyu. A hanya za ku wuce wani ɗan lungun ruwa da ake kira Cove. Ku tsaya a nan. A daren 20 ga Yuni 1631 jiragen 'yan fashin teku daga birnin Aljiyas suka sauka a wannan gaɓa, ƙarƙashin Murad Rais, mutumin Holan da sunansa na asali Jan Janszoon, wanda ya musulunta ya zama babban kyaftin a gaɓar Arewacin Afirka. Wani masunci ɗan Dungarvan mai suna John Hackett, da suka kama a hanya, shi ya nuna musu mashigin, daga baya aka rataye shi a kan haka. Sun tashi mutane daga barci, suka tafi da sama da 100, yawancinsu mata da yara, Turawan Ingila ne da suka zauna garin suna sana'ar kifi. A Aljiyas aka sayar da su, waɗanda suka sake ganin gida ba su wuce biyu ko uku ba. Sauran mutanen garin da yawa suka yi ƙaura zuwa Skibbereen, can cikin kogin Ilen, Baltimore ta yi shekaru masu yawa kusan kufai.

Yara za su yi tambaya, musamman idan suka ji maharan daga ƙasar Musulmi suka zo. A faɗa musu gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: zalunci ne, an raba uwa da ɗa an kai kasuwa. Ba baƙon labari ba ne a wurinmu, domin kasuwannin Arewacin Afirka sun karɓi mutanen da aka kamo daga ƙasashenmu ta hamada a waɗannan ƙarnoni. A ganina yaro ya ji wannan daga bakin mahaifinsa, yana tsaye a inda abin ya faru, ya fi ya tsince shi wata rana daga bakin mai son tsokana.

Ƙarshen titin akwai hawan dutse gajere mai santsi. A sama babu shinge ko kaɗan, ƙasa kuma rami ne har teku. Kowane ƙaramin yaro da hannun babba, in ana iska mai ƙarfi ko hazo a fasa.

A dawowa ku leƙa wajen gidan jirgin ceto na ƙungiyar ceton rayuka a teku ta RNLI, wanda aka kafa a 1919, 'yan sa-kai ne na garin suke tuƙa shi. Garin yana da tarihin ƙera jirage ma: a nan aka ƙera Saoirse a 1922, wanda Conor O'Brien ya zagaya duniya da shi daga 1923 zuwa 1925, da Ilen a 1926, wanda ya yi shekaru yana aiki a tsibiran Falkland kafin a dawo da shi a sabunta shi a Oldcourt, a bakin kogin da ya ci sunansa.

Tsibirai

Sherkin tana daura da garin, minti goma ne a jirgin fito. Da sauka za ku ga kangon gidan ibadar ɗariƙar Kirista ta Faransiskawa na 1460. Tafiyar ƙafa ta kai ku Silver Strand, rairayi mai kyau inda yara za su yi wasa, su tsoma ƙafa, manya na kusa.

Cape Clear ta fi nisa, minti 40 a jirgin fito, ita ce ƙarshen inda mutane suke zaune a kudancin Ayilan, kuma har yau ana jin harshen Ayilan na asali a bakin mutanenta. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye tun 1959. Da jirginku sai an bi ta Gascanane Sound ko a zagaya, mashigin nan ruwa yana gudu da ƙarfi, kyaftin zai auna lokacin da ya lafa. Tashar arewa ta tsibirin ƙarama ce mai matsattsen baki, ta kudu kuma ba ta kwanuwa idan teku yana ɗagowa daga kudu. A wannan ruwa ana yawan haɗuwa da dolfin, wani lokaci da manyan dabbobin teku da ake kira wel, Ayilan ta ayyana ruwanta mafakarsu tun 1991. In sun zo a rage gudu a bar su su matso da kansu.

Daga Cape Clear ana hango dutsen Fastnet, kusan kilomita shida da rabi, da hasumiyarsa ta 1904 mai tsawon mita 54. Shi ne ƙarshen abin da masu ƙaura zuwa Amurka a da suke gani na ƙasarsu. Kowa zai so a je, amma sai a ranar da teku ya kwanta sosai. A Agustan 1979 guguwa ta faɗa wa gasar jirage 303 da ke zagaya wannan dutse, matuƙa 15 suka mutu, jirgin ceto na Baltimore yana cikin waɗanda suka fita. Idan kyaftin ya ce yau ba ta yi ba, kada maigida ya matsa masa don an riga an yi wa yara alkawari. Shi ya sa tun farko ba a yi musu alkawarin Fastnet, a ce musu in Allah ya yarda kuma iska ta bari.

Ranar da aka hana fita, ku ɗauki tasi zuwa Lough Hyne, tafkin ruwan gishiri da aka killace tun 1981, na farko irinsa a Ayilan, ga tudu mai itatuwa a gefensa da ake hawa. Ko ku wuce Skibbereen, kilomita 13, inda cibiyar tarihi take ba da labarin yunwar da ta fara a 1845, kuma a maƙabartar Abbeystrowry mutum dubu takwas zuwa goma suna kwance a ramukan bai ɗaya.

Komawa

Ku bar Baltimore da sauran kwana biyu cikakku a hayar jirgin, ko da tafiyar yini ɗaya ce da iska a baya, kuma ku sa aƙalla dare ɗaya a Cork tsakanin mayar da jirgi da tashin jirgin samanku. Idan yanayi ya ɓaci, ku yarda kyaftin ya mayar da jirgin shi kaɗai ko ya jira, ku kuma ku hau mota ta Skibbereen zuwa Cork. A daren ƙarshe a kwashe shara a kai tudu, a wanke madafi da bayi, a cika tankin mai in yarjejeniya ta ce haka. Da safe ku zagaya jirgin tare da mai shi, a duba komai a gabanku kafin a sa hannu a saki kuɗin ajiyarku, sannan a yi wa kyaftin ihsani a ambulan, da Yuro.